Tarihin Gwajin Rediyo Mai Neman Layi da Kansa da Matsayinsa ga Ƙasar Karaye da Rogo

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aikin neman layin rediyo ya tashi daga hannun ɗan'adam ya koma hannun na'ura, da kuma yadda aka riƙa gwada wannan na'ura kafin a amince da ita. Rediyon da ake magana a kai shi ne na aika saƙo da karɓarsa, wanda Bahaushe ya laƙaba wa suna oba-oba, musamman wanda ke aiki a kan gajeren zango. An ɗauki ƙasar Karaye da Rogo a matsayin ma'auni saboda dalilai biyu. Na farko, nisansu daga birnin Kano ya faɗa cikin tazarar da ta fi ba rediyo wahala. Na biyu kuwa, saman da ke bisa wannan yanki yana da wani hali na daban da ba irin na ƙasashen da aka ƙera na'urorin ba. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, shaidar cin gwaji da na'ura ta zo da ita daga Amurka ko Turai ba ta wadatar a dogara da ita a nan, har sai an sake gwada ta a ƙarƙashin saman da za ta yi aiki.

3.1 Isar da Saƙo Kafin Zuwan Rediyo

Karaye tsohon gari ne da ke yammacin ƙasar Kano, a kan iyakarta da ƙasar Katsina. Tarihin Kano ya ambaci garin tun a ƙarni na 17, dangane da Wambai Giwa da yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa. Rogo kuwa tana kudu maso yamma da Karaye, inda Jihar Kano ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. A shekarar 2019 aka ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, aka rushe ta a watan Mayu na 2024, sannan a watan Yuli na wannan shekara aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo.

Garin da ke bakin iyaka shi ke fara ganin abokin gaba, don haka amfaninsa ga birni ya ta'allaƙa ne a kan saurin isar da labari. A zamanin da, wannan aiki yana hannun manzanni masu doki da masu tafiya a ƙasa, sai kuma jakadu waɗanda ke shiga tsakanin hakiman da ke zaune a birni da dagatan ƙauyuka. Ingancin saƙo ya dogara ne a kan amanar manzo da ƙarfin dokinsa da kuma halin hanya. Da damina, idan kogin Challawa ko rafukan da ke zuba a cikinsa suka kawo, sai manzo ya jira ruwa ya janye.

Turawan Ingila sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Cikin 'yan shekaru suka jawo wayar tangaraho ta haɗa manyan barikokinsu, kuma layin dogo ya iso Kano a 1911. Amma waya tana bin manyan garuruwa ne da tashoshin jirgi. Da aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumominsu wajen 1908, takarda ce ta ci gaba da zirga-zirga tsakanin hakimi da fadar Kano da ofishin Di'o. Wato ke nan, saƙo yana iya zuwa daga Kano zuwa Ikko cikin yini guda, alhali kuwa daga Kano zuwa Rogo sai an yi kwanaki.

3.2 Shigowar Rediyo Arewacin Nijeriya

Markoni ya ba da sanarwar cewa a ranar 12 ga Disamba, 1901, ya ji siginar da aka aiko daga Poldhu ta Ingila yana can St. John's a gabar Kanada, ba tare da waya ba. Masana sun yi mamakin yadda sigina ta bi lanƙwasar duniya. A 1902 Kennelly da Heaviside, kowanne a gefensa, suka ce lalle akwai wani rufi a can sama da ke maido da sigina ƙasa. Appleton ne ya tabbatar da haka ta hanyar gwaji a 1924.

Rediyo ya shigo Arewa ta ƙofofi uku. Ƙofa ta farko ita ce ta jiragen sama. Jiragen mayaƙan saman Ingila guda uku sun taso daga Masar suka sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Daga 1936 jiragen fasinja suka fara bin hanyar Hartum zuwa Kano, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu Kano ta zama zango a hanyar da jiragen yaƙi ke bi daga Takoradi zuwa Masar. Jirgin da ke ƙetare Sahara ba shi da abin magana da ƙasa in ba gajeren zango ba. Ƙofa ta biyu ita ce ta hukumomin tsaro, wato soja da 'yan sanda, waɗanda daga bakinsu ne kalmomin sigina da oba-oba suka shiga Hausa. Ƙofa ta uku ita ce ta watsa labarai. An kafa rediyo mai waya a Kano a 1944, Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a ranar 13 ga Maris, 1957, kuma Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962.

Wannan ƙofa ta uku ita ta sa manomin Karaye ya san halin gajeren zango tun kafin a yi masa bayani. Ya san Kaduna tana kan mita 49. Ya kuma lura cewa tashoshin ƙasashen waje sukan sanar da mitoci daban da safe, daban da rana, daban da dare, kuma murya kan yi ƙarfi ta dusashe ta sake dawowa, har sai ya ɗan murɗa akwati ya lalubo ta. Wannan lalube da mai sauraro ke yi da yatsunsa, shi ne ainihin aikin da aka so a ɗora wa na'ura.

3.3 Matsalar Nisa da Halin Sama

Idan aka auna a miƙe, ba ta hanyar mota ba, tsakanin Karaye da birnin Kano akwai kimanin kilomita 60, tsakanin Rogo da birnin kuwa kimanin kilomita 90. Ƙaramar oba-oba ta hannu da ta mota suna aiki ne a zangon da siginarsa ke tafiya a miƙe kamar haske, ba ta bin lanƙwasar ƙasa sai kaɗan. Bisa lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi, idan aka kafa eriya biyu kowace a kan ƙarfe mai tsawon mita 30 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, iyakar inda za su ga juna kimanin kilomita 45 ne. Kafin Rogo ta ga Kano kai tsaye, sai kowane ƙarfe ya kai kusan mita 120, ko kuma a kafa tashar maimaita sigina a tsakani, wadda ita ma tana bukatar wuta da mai gadi.

Gajeren zango, wato daga megahaz 3 zuwa 30, ba ya bukatar komai a tsakani domin sama ce madubinsa. Hasken rana yana caja siririyar iskar da ke can sama, daga nisan kilomita 60 har fiye da 400, kuma wannan yanki shi ake kira ayonosfiya. An raba shi hawa-hawa. Hawan D, wanda ke ƙasa, yana shanye sigina da rana, ya ɓace da dare. Hawan E da na F su ke maido da sigina ƙasa. Saboda haka zangon da ya yi aiki da hantsi yana iya ƙin aiki da isha'i. Idan zango ya yi ƙasa da yawa, hawan D ya cinye shi. Idan kuma ya yi sama da yawa, sai ya huda rufin ya wuce. Daɗin daɗawa, ƙarfin rana kansa yana hawa da sauka a zagayen kimanin shekara 11.

Har ila yau akwai wata matsalar da ta shafi garuruwa irin su Karaye da Rogo kai tsaye. Siginar gajeren zango da ke bin doron ƙasa takan mutu bayan 'yan gomomin kilomitoci, wadda aka harba sama a karkace kuwa sai ta sauka ɗaruruwan kilomitoci can gaba. Tsakanin biyun akwai wani fili da ba a jin komai. Ta haka ne mai magana daga Kano zai iya samun Maiduguri rangaɗau, ya kasa samun Rogo. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa eriya a kwance kusa da ƙasa, a harba sigina kusan tsaye, ta dawo kamar ruwan da aka watsa wa rufin ɗaki. Wannan dabara tana aiki ne a ƙananan zanguna kawai, galibi tsakanin megahaz 2 da 10, don haka zaɓen zango a nan yana bukatar ƙwarewa sosai.

3.4 Zamanin Afareta

Tsawon shekaru fiye da 50, wannan ƙwarewa tana cikin kan mutum guda ne, wato afareta. Shi ya san zangon rana da na dare. Shi ke zama a bakin na'ura a lokutan da aka yi alkawari da sauran tashoshi, yana sauraron shuu da tartsatsi, yana kiran sunan tasha yana maimaitawa. Idan bai ji amsa ba ya koma zango na biyu, da fatan ɗan'uwansa na can gefen shi ma ya koma. Idan an samu juna, sai a karanto saƙo kalma-kalma, a rubuta shi a littafi, masinja ya kai wa mai shi.

Wannan tsari yana da rauni ta fuskoki da dama. Horar da afareta yana ɗaukar lokaci, kuma ƙwararre ba ya son zaman ƙauye. Idan ya tafi sallah ko cin abinci, ko rashin lafiya ta kama shi, tashar ta kurumce. Abin da ya fi muni shi ne, bala'i ba ya jiran lokacin alkawari. Madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988 a tsakiyar damina, kuma a 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Karaye, wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba. A irin wannan hali, saƙon da ya makara da awa ɗaya daidai yake da wanda ba a aika ba.

3.5 Samuwar Rediyo Mai Neman Layi da Kansa

Daga ƙarshen shekarun 1970, da ƙananan ƙwaƙwalwar kwamfuta suka yi araha, kamfanoni suka fara saka su cikin rediyo. Kamfanin Rockwell-Collins ya fito da tsarin Selscan, kamfanin Harris kuma ya fito da Autolink. Kowanne yana iya neman layi da kansa, amma na wannan kamfani ba ya jin yaren na wancan. A 1984 cibiyar Mitre ta yi wa gwamnatin Amurka nazari a kan rediyoyin hukumominta, inda ta nuna cewa idan babban bala'i ya auku, hukumomin ba za su iya magana da juna ba. Daga wannan nazari ne aka fitar da ƙa'idar soja mai lamba MIL-STD-188-141A a 1988, da takwararta ta farar hula FED-STD-1045 a 1990. Tsarin da suka shimfiɗa shi aka sani a duniya da taƙaitaccen suna ALE.

Yadda yake aiki shi ne kamar haka. Ana ba kowace tasha suna, a kuma loda mata jerin zanguna. Idan ba ta magana, sai ta riƙa zagaya zangunan tana sauraro, biyu ko biyar a cikin sakan ɗaya. Lokaci-lokaci kowace tasha takan yi ɗan gajeren kira ta ambaci sunanta, sauran kuma su auna yadda suka ji ta, su ba zangon maki, su ajiye a ƙwaƙwalwa. Idan mutum yana son magana, sunan tashar kawai zai danna. Na'urar za ta duba makin da ta tara, ta zaɓi zangon da ya fi, ta yi kira. Wadda aka kira ta amsa, mai kira ya tabbatar da jin amsar, sannan ƙararrawa ta kaɗa a ɓangarorin biyu. Wannan gaisuwa mai hawa uku ita ke nuna cewa layi yana aiki gaba da baya. Idan ba a samu amsa ba, na'urar ta koma zango na gaba ba tare da an taɓa ta ba.

Yaren da na'urorin ke yi da juna sautuka takwas ne, daga haz 750 zuwa 2,500, ana aika 125 a sakan guda. Kowace kalma tana ɗauke da haruffa uku, an ƙara mata lambobin gyaran kuskure, kuma ana maimaita ta sau uku, domin ko tartsatsi ya cinye wani sashe a iya gane sauran. A 1999 aka fitar da tsari na gaba, wanda ƙungiyar NATO ta amince da shi da lamba STANAG 4538. A cikinsa tashoshi suna daidaita agogonsu, galibi da tauraron GPS, su riƙa sauraron zango ɗaya a lokaci ɗaya, abin da ya rage tsawon kira. A Afirka kuwa, rediyoyin kamfanonin Codan da Barrett na ƙasar Ostareliya su suka fi yaɗuwa a motocin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙungiyoyin agaji.

3.6 Yadda Ake Gwajin

Tambayar da ta taso tun farko ita ce, ta yaya za a tabbatar cewa na'ura ta iya aikin afareta? Gwaji a fili yana da wata illa, domin sama ba ta maimaita kanta. Idan aka gwada rediyon wani kamfani ranar Litinin, na wani kuma ranar Talata, ba za a san ko bambancin da aka gani daga rediyon yake ko daga sama ba.

Mafitar ta fito ne daga garin Boulder na jihar Kolorado. A 1970 Watterson da abokan aikinsa biyu suka buga sakamakon awon da suka yi a kan wata hanyar sigina mai tsawon kimanin kilomita 1,300, daga jihar Ilinoi zuwa Boulder. Sun nuna cewa ana iya kwaikwayon halin sama a cikin ɗaki da ma'aunai biyu. Na farko shi ne tazarar amsa-kuwwa. Sigina takan iso ta hanyoyi fiye da ɗaya, wata ta riga wata, kuma ana auna tazarar da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Na biyu shi ne saurin rawar sigina, wato yadda take ƙarfi tana dusashewa, wanda ake aunawa da haz. Idan aka haɗa waɗannan da ƙarar shuu, an sami na'urar kwaikwayon sama, wadda za a jona rediyo biyu a jikinta a maimaita yanayi ɗaya sau ɗari.

Kwamitin rediyo na Hukumar Sadarwa ta Duniya ya tsayar da ma'aunai a cikin shawararsa mai lamba 520. Layi mai kyau shi ne mai tazarar rabin milisakan da rawar haz 0.1. Layi marar kyau kuwa shi ne mai tazarar milisakan 2 da rawar haz 1. A kan waɗannan aka gina jarrabawar ALE. Ana yin kira da yawa a kowane matakin ƙarfin sigina, a ƙirga nawa suka ƙullu, kuma ƙa'idar ta faɗi ƙarfin da dole a samu kashi 25 da 50 da 85 da 95 cikin ɗari. Bayan wannan akwai gwajin jituwa, inda ake haɗa rediyoyin kamfanoni daban-daban a ga ko za su gane juna. Cibiyar binciken sadarwa ta gwamnatin Amurka da ke Boulder har faifan CD ta shirya mai ɗauke da sautukan kira, masu tsabta da waɗanda aka gurɓata da gangan, domin kowa ya kunna wa rediyonsa ya ga yadda zai amsa. Mataki na ƙarshe shi ne gwaji a fili, tsakanin tashoshi na gaskiya, dare da rana.

3.7 Saman Ƙasar Kano da Sakamakon Gwajin

A nan ne tarihin ya dawo gida. Duniya tana da maganaɗisu, kuma layin da ya raba shi gida biyu ya ratsa Arewacin Nijeriya kusa da Zariya, wato ba nisa da Rogo. A bisa wannan layi akwai wata igiyar lantarki mai ƙarfi da ke gudana da rana a hawan E, wadda Chapman ya raɗa wa suna a 1951. An kafa tashar awon ayonosfiya a Ibadan a farkon shekarun 1950, kuma Farfesa Cyril Onwumechili yana cikin masanan da duniya ta sani a kan nazarin wannan igiya. Akwai kuma wani abu da Booker da Wells suka bayyana a 1938 daga awon da aka yi a Huancayo ta ƙasar Peru. A yankunan da ke kusa da wannan layi, bayan faɗuwar rana hawan F yakan yamutse, ya zama kamar fasasshen madubi, sigina ta dawo a tarwatse.

Hukumar Sadarwa ta Duniya ta yi la'akari da wannan a shekarar 2000, lokacin da ta fitar da shawara mai lamba F.1487, wadda ta raba ma'aunan gwaji gwargwadon yankunan duniya. Idan aka jera alƙaluman za a ga abin lura. Ga yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya, irin namu, matsakaicin yanayi shi ne tazarar milisakan 2 da rawar haz 1.5, yamutsattsen yanayi kuwa milisakan 6 da haz 10. Wato abin da aka kira layi marar kyau a jarrabawar farko, mai milisakan 2 da haz 1, bai ma kai matsakaicin halin samanmu tsanani ba. Rawar da ake iya samu a nan idan sama ta yamutse ta ninka ta wancan ma'auni sau goma. Bisa ga haka, rediyon da ya ci jarrabawar 1988 da kyakkyawan sakamako ya nuna bajintarsa ne a kan saman Amurka.

Akwai ƙarin abubuwa biyu. Ƙasashe masu zafi su suka fi yawan tsawa da walƙiya, kuma kowace walƙiya tartsatsi ce a kunnen rediyo, musamman a ƙananan zangunan da Karaye da Rogo ke bukata don su sami Kano. Wannan ya fi tsanani da damina, lokacin da hanyoyi ke yankewa kuma aka fi bukatar saƙo. Sai kuma makin da na'ura ke ajiyewa. Makin da aka ba wani zango da la'asar yana iya zama ƙarya da magariba, domin a nan sama tana juyawa da sauri a wannan lokaci. Idan aka bar na'ura a kan saitin da ta zo da shi, tana iya ɓata lokaci a kan zangon da ya riga ya mutu.

3.8 Zamanin Salula da Darasin 2021

Ana iya cewa zuwan wayar salula ya shafe wannan magana baki ɗaya. An kafa NITEL a 1985, aka kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a 1992, amma har zuwa 2001 layukan tarho a Nijeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba. A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisin salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Cikin shekaru kaɗan manomin rake a Rogo ya iya jin farashin kasuwa daga gonarsa.

Sai dai salula tana tsaye ne a kan ƙarfen sabis da man gas da wayar da aka binne a ƙasa, kuma ana iya kashe ta daga ofis. A ranar 3 ga Satumba, 2021, aka rufe sabis a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutane suka riƙa zuwa har Funtuwa don su buga waya. Ba a jima ba aka rufe ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, waɗanda ba su da nisa da iyakar Rogo da Karaye, kuma rufewar ta ɗauki watanni. A wannan lokaci, asibitin ƙauye da ke son neman motar ɗaukar mara lafiya ya koma halin da hakimi yake ciki a 1908. Gajeren zango shi ne hanyar da ba ta bukatar komai tsakanin tasha da tasha. Batir da farantin hasken rana da waya mai tsawon 'yan mitoci sun isa, muddin hukuma ta ba da lasisi kamar yadda dokar rediyo ta 1961 ta tanada. Shi ma yana da ranar gajiyawarsa, kamar yadda aka gani a guguwar rana ta 10 da 11 ga Mayu, 2024, wadda ta dagula gajeren zango a sassa da dama na duniya, amma irin wannan takan wuce cikin awoyi ko 'yan kwanaki.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda isar da saƙo tsakanin yammacin Kano da birni ya tashi daga manzo mai doki zuwa takarda, daga nan zuwa afareta, sannan zuwa na'ura mai zaɓen zango da kanta. An kuma ga cewa amincewa da wannan na'ura ta ginu ne a kan gwaji, kuma ma'aunan gwajin na farko an ɗauko su ne daga saman da ya fi namu kwanciya. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Duk hukumar da ke son ta ajiye irin wannan rediyo a Karaye ko Rogo don ranar da salula ta yanke, ya kamata ta nemi sakamakon gwajinsa a kan ma'aunan yankunan tsakiyar duniya na shekarar 2000. Bayan haka ta kafa tashoshi a Kano da Karaye da Rogo da eriya a kwance, ta yi kira da hantsi da azahar da magariba da tsakar dare, da rani da damina, tana rubuta kira nawa ne suka ƙullu da kuma sakan nawa kowanne ya ɗauka. Daga wannan littafi ne za a san zangunan da suka dace a loda wa na'urar, da kuma yawan lokutan da ya kamata ta riƙa sabunta makinta, musamman tsakanin la'asar da isha'i.